Lens ɗin Yaya Sabo

Kura, daren Laraba.

Allah ya saka wa mai kantin nan na Kano, mutum ne mai gaskiya. Duk abin da ya faɗa a kan kyamarar da na saya wurinsa haka yake, hotonta tas, batirinta yana wuni. Abu ɗaya ya manta, ni kuma ban tambaya ba. Lens uku, gilasan da ake ɗaura wa kyamara, da marigayi Yaya Sabo ya bar mini na wani kamfanin ne, ba sa shiga bakinta.

Ni da nake taƙama ba a cutata a kasuwa, ashe da tunanin gona na tafi. In tiyo ya ƙi bakin injin ban-ruwa, ai roba muke yankowa mu ɗaure. Har wurin Ilu mai gyaran inji na kai ta ɗazu. Ya jujjuya ta, ya ce, "Malam Habu, wannan ta fi ƙarfin roba. Ko in kunna walda?" Ban yi dariya ba.

Na kira mai kanti, ya ce an buɗe kwali, ba a mayarwa, amma zai karɓi ukun ya ba ni ɗaya nasu. Shinkafar ranin nan kaf a kyamarar ta tafi, ga biki ranar Asabar a Bunkure, na riga na amsa zan ɗauki hoto.

Na fito da lens ɗin na goge. Sunan Yaya yana nan a murafen, da jan fenti. In na miƙa su gobe, me Yaya ya bari a gidan nan, ban da wawan da ya bar wa?