A Faɗa Mana Zangon da Jirginmu Zai Tashi a Kai

Zuwa ga Babban Jami'in Tsaro na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da kai da yaranka da ke tsare mana hanyoyi. Ni ne Lawal mai gyaran rediyo a Kankiya, dattijon nan da kuke kawo wa oba-obarku, rediyon hannun da kuke kiran juna da ita, in ta ƙi magana. Kuka na kawo, kuma na kawo shi a fili ne don ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Na ɗaya. Ni da aminina Malam Haladu kafinta, mutumin Kusada, mun shekara biyu muna haɗa ɗan jirgin sama na wasa. Shi ya fere fikafikan da farin soson da ake naɗo firiji da shi, ni na haɗa wayoyin da rimot. Sau huɗu yana faɗuwa muna sake haɗa shi. Bayan an cire amfanin gona muka kai shi wani fili a hanyar Kunduru, ya tashi. Bai yi minti uku a sama ba yaranka suka iso suka karɓe.

Na biyu. Ba su wulaƙanta mu ba, wannan zan shaida ko'ina. A ofis kai da kanka ka ba mu kujera da ruwan sanyi, ka ce min Baba. Na kuma fahimci tsoronku, don duk abin da ya gilma a sama a wannan zamani dole a tuhume shi. Amma jirginmu ba shi da kyamara, ko tsinken ashana ba ya ɗauka.

Na uku. An ce mana rimot ɗin yana shiga zangon oba-obarku. Ranka ya daɗe, nan sana'ata ce. A jikinsa an rubuta gigahaz 2.4, zangon da wayar hannu ke kama wayi-fayi da shi, nesa da naku. Na tambayi wane zango ne doka ta yarda, ko wace takarda ake nema, aka ce a dawo. Na dawo sau uku. Jirgin yana bisa kabad ɗinku, fiffike ɗaya ya fara lanƙwashewa.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Idon Malam Haladu yana tafiya. Likita ya ce ba mai dawowa ba ne. Ranar da jirgin ya tashi, da ƙyar ya hango shi, yana ta dariya yana jan hannun rigata. Yanzu kullum sai ya bugo yana tambaya ko an sako, ni kuma ina ce masa gobe.

Roƙona: a tuntuɓi hukumar da ke raba zangon rediyo, a rubuto mana wanda aka halatta, a manna a ƙofar ofis kowa ya gani. A nuna mana fili da lokacin da za mu riƙa tashinsa, mu sanar da ku tukuna. Sannan a ba mu jirginmu tun Haladu yana gani. In ka samu sarari ka zo da kanka, zan ba ka rimot ɗin ka gwada.

Allah ya tsare ka da yaranka, ya mayar da ku gidajenku lafiya, ya zaunar mana da ƙasarmu.

Wassalam.

Naka,
Lawal Mai Rediyo, Kankiya