Abin Shaƙar Baba

Zuwa ga Yaya Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Anti Bara'atu da yara. Mu nan Guri sai godiya.

Maganin shaƙar Baba da ka aiko ya iso. Likita a Haɗeja ya ce magani biyu ne a haɗe, ɗaya na buɗe hanyar numfashi, ɗaya na kwantar da kumburi. Safe da yamma zai riƙa shaƙa ko yana jin daɗi, sannan ya kurkure baki. Kukan ƙirjin nan ya yi sauƙi, har ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa.

Sai dai ka san Babanka, ko goro guda gare shi sai ya ɓantara wa mutum biyar. Abin na aljihunsa kullum. Duk wanda ya yi tari a majalisa sai ya zaro ya miƙa masa. Na yi faɗa, ya ce shi da su Malam Fannami a wurin bandar kifi ɗaya suka ƙare ƙuruciya suna shan hayaƙi, ba zai yi numfashi shi kaɗai yana kallonsu ba.

Ruwa ya fara hawa hanya. Ka aiko da wani da wuri.

Ƙanwarka,
Barira

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar hanya, ya ƙarin haƙuri? Mutane sun yi yawa da ka zo, ban samu na faɗa maka yadda abin ya faru ba.

Maganin ya ƙare tun kafin lokacinsa, ban sani ba. Yana danna shi yana huci kamar kullum, ashe iska ce kawai. Ranar da ciwon ya taso, da na duba lambar da ke jikin abin shaƙar, mai nuna saura, sai na ga sifiri. Ruwa ya riga ya cinye hanya, muka sa Baba a kwalekwale. Ciyawar kacalla ta toshe mashigar, masu tuƙi suna sara suna turawa. Kansa na kan cinyata. Ba mu kai inda mota take ba.

Har yau ban yi kuka ba, Yaya. Ina dafa abinci, ina amsa gaisuwa. Ba na jin komai.

Sabon da ka aiko ya iso bayan tafiyarka, ko ledarsa ba a ɓare ba. Jiya Malam Fannami ya dawo, ya zauna a zaure yana jan numfashi da ƙyar, ya tambaya ko marigayi ya bar saura. Na ce babu. Ya yi mini addu'a, ya dafa bango ya tashi.

Ka gaishe da Anti da yara. Allah ya ji ƙan Baba.

Taka,
Barira