Sun Kore Mu ta Talabijin

Yaya, ka taɓa ganin mutum ya kori jama'arsa ta cikin talabijin, yana murmushi?

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara? Ni lafiya lau, kada kowa ya damu.

Wajen da nake shara ne suka rufe. Masu kwamfuta ne, su ke ƙera wa sauran masu kwamfuta kayan aiki, kamar maƙeri da manoma. Ban gane sosai ba, amma takardun godiya sun cika bango.

Babban oga, mai kuɗin wurin, ko zuwa bai yi ba. Aka tara mu, ya fito a allo, wai mu 'yan gida ɗaya ne. Madam, wadda ta kafa wurin, ta tambayi laifinmu. Ya ce kowa na son kayan, riba ce ba su kawowa. Dogo, abokin aikinmu, ya ce, "Ranka ya daɗe, murmushin nan nawa yake kawowa?" Sai aka danna wani abu, oga ya daina jin mu. Aka raba mana kofuna masu rubutun godiya. Ni ban yi boko ba, Yaya, amma ko akuya za ka sayar, ai ka je ka dube ta.

Abin da ban faɗa maka ba, a siton wurin nake kwana, Madam ce ta kau da kai. Kada Inna ta ji. Allah zai kawo wani wuri, ku dai sa ni a addu'a.

Bari in tafi, masu kwasar kaya sun shiga sito, kar su haɗa da katifata.

Ƙaninka.