Firayim Minista a Ɗakin Girkin Constance

Takoma Park,
9 ga Afrilu, 1984.

Zuwa ga maigidana Kambai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen Kafanchan. Yaya ƙafar Mama? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Albishirinka. Olive za ta zo Washington, wadda muka zauna ɗaki ɗaya lokacin karatu. Yau shekara biyu ke nan tana Firayim Ministar tsibirinsu, mace ta farko. Ta yarda ta ba ƙungiyarmu ta 'yan gida yammacin Asabar, a gidan Yaya Martins a Woodbridge, tunda shi ne shugaba.

Don Chundung na roƙe ta, ɗalibar nan tawa da nake ba ka labari. Ta fito takarar sakataren ƙungiya, Yaya Martins kuwa ya aika mata cewa ta janye, wai mace ba ta taɓa riƙe muƙamin ba. Yarinyar ta fara sanyi. Ina so ta ga matar da ta fara da aikin ungozoma, ta haɗa kan mata masu haƙar gishiri, aka tsare ta kwana goma sha ɗaya, kuma yau ita ke riƙe da ƙasa. Na sa ta rubuta jawabin maraba, mun gyara shi sau huɗu.

Taka,
Edna.

Takoma Park,
23 ga Afrilu, 1984.

Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Da fatan ruwa ya sauka.

Yayanka ya kunyata mu. Olive ta iso da mijinta, wani dattijo mai shiru-shiru da ya yi ritaya daga koyarwa. Suna shigowa Yaya Martins ya wuce ta, ya kama hannun mijin ya kai shi babbar kujera. Ya sa masa babbar riga da hula, ya yi jawabi mai tsawo yana gode masa da ya yi haƙuri ya bar iyalinsa ta yi aikin gwamnati. Ita kuwa aka miƙa mata turmin atamfa, aka ce matarsa Constance ta kai baƙuwa ciki wajen 'yan'uwanta mata. Jawabin Chundung kuma ya ce babu lokaci.

Shugabar ƙasa guda, Kambai, aka tura ɗakin girki ana suyar masa. Kuma ba da mugunta ya yi ba, shi a ganinsa karramawa ce. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Na miƙe zan yi magana, Olive ta riƙe mini hannu. Ta shiga ɗakin girkin, ta ja kujera ta zauna, ta ce wa Chundung ta karanta jawabinta a nan. Ta karanta, mai yana ƙara a tanda. Daga nan Olive ta ba mu labarin yadda ta faɗi zaɓe sau biyu, da yadda mazan jam'iyyarta suke yin taro ba su gaya mata ba, sai ta ji a bakin direba. Na zaci za ta ce wa yarinyar za ta ci. Ina. Cewa ta yi, "Mai yiwuwa ki faɗi. Ki dai tsaya a ƙirga ki."

Awa biyu ta yi da mu. Maza suna falo suna jira, ba ta koma ba, ta ƙofar baya ta fita zuwa mota. Mijin ya bi ta da babbar rigarsa.

Taka,
Edna.

Takoma Park,
28 ga Mayu, 1984.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode wa Allah da Mama ta fara takawa.

Wasiƙarka ta zo, na karanta sau biyu don in tabbatar kai ka rubuta. In je in ba Yaya Martins haƙuri, wai na haɗa baki da baƙuwa an wulaƙanta shi a gidansa? In kuma lallashi Chundung ta janye don a zauna lafiya? Shekara ashirin ina gaya wa yaran mutane su buɗe baki, kai ne kake raka ni tashar jirgi in tafi ajin. Yau da wane baki zan ce wa wannan ta rufe nata? Yayanka zan ci gaba da durƙusa masa in gaishe shi, amma haƙurin nan ba zan bayar ba.

Maganar janyewa kuma ta wuce, an yi zaɓen shekaranjiya. Ka san ɗaga hannu muke yi, kowa na kallon kowa. Chundung ta tsaya, ta faɗi, hannu ashirin da tara, abokin takararta talatin da huɗu. Ba ta yi kuka ba, ta ce a rubuta nata a littafin taro.

Ni na ƙirga hannayen. Cikin na Chundung, ɗaya na Constance ne. Tana zaune kusa da mijinta, yana ta kallonta, ba ta sauke ba sai da na gama.

Ka gaida Mama. Ka dawo da wuri, fushi da kai daga nesa yana gajiyar da ni.

Matarka,
Edna.