Ƙorafi Kan Feshin da Ke Kashe Ƙudan Zuma a Unguwar Marke

Uwaisu Dabo,
Unguwar Marke, ta hanyar Zakirai.
Laraba, 4 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Noma na Ƙaramar Hukuma.

Game da: Feshin magani a gonar riɗin Alhaji Abdulbasit

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuta wannan da hantsi, hadari ya haɗu a gabas ya watse ba ko yayyafi. A yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya.

Ni mai kiwon zuma ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini amya takwas a kan tsamiya da ɗorawar gonarmu. Yau ɗaya ce ke da rai. Ga ƙorafina:

1. Alhaji Abdulbasit, wani ɗan kasuwa daga birni, ya sayi gonakin da ke gabas da mu ya haɗe su ya shuka riɗi. A ranakun 17 da 24 ga Agusta ma'aikatansa sun yi feshi da inji da rana tsaka, riɗi yana cikin fure, ƙudan yana kai. Washegari da tsintsiya na share su a gindin tsamiya. Wasu suna ta juyi a ƙasa, sun kasa tashi.

2. A nan, tun muna yara, wanda zai yi feshi yakan aiko, mu liƙe bakin amya da laka tun asuba, shi kuma ya bari sai yamma. Ba doka ba ce, zaman tare ne. Na je gonar har sau biyu in faɗa wa Alhaji. Mai gadi ya ce Alhaji yana birni, kuma gonarsa ce. Haka ne, gonarsa ce. To amma iskar fa, ranka ya daɗe? Ita ba ta tsayawa a kan iyaka. Har tsakar gida take kawo mana warin, Inna Furera, mahaifiyata, ta kwana tana tari.

3. Ba zuma kaɗai ba ce. Kabewar Inna ta yi fure kamar kullum, furen ya kaɗe, 'ya'ya biyu ta ɗaura. Ta ce ko sammu ne. Na ce mata ƙudan da ke kai wa furen ziyara ne babu. Kwaɗin kududdufi ma bana shiru. Riɗin Alhajin kansa, da zai duba, ƙudan nan yana yi masa aiki.

4. Na ji za a sake feshi ranar Asabar, 7 ga wata. Na san da wuya takardar nan ta iso teburinka kafin nan. Zan liƙe amyar, sai dai ba ta jure wuni biyu a rufe cikin wannan zafi, kuma ban san ranar da za su gama ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a turo malamin gona ya gaya musu su riƙa feshi da yamma, su kuma riƙa aiko mana. Ba na neman diyya. In ta ƙarshen ta mutu, ba inda zan samo wani ƙudan. Amya uku na yi wa turare na rataye bana, ko ɗaya bai shiga ba.

Kada a ɗauka gaba nake da Alhaji. Jiya da na wuce na tarar ƙyauren gonar a buɗe, awaki sun doshi riɗin. Na kore su na ɗaure ƙyauren da igiyata. Mai gadin yana barci, ban tashe shi ba.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Uwaisu Dabo