Sunan da Inna ba ta taɓa faɗa ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu na gidauniyar da ta gina sabuwar tashar bas a unguwarmu ta Nuzla, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukkan ma'aikatanka, har da wanda ke zaune a taga ta uku a ofishinku, wanda zan zo kansa nan gaba.

Sunana Safiya, a unguwa ana ce mini Ummu Bilal. A Nuzla aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na yi takaba, yanzu ina dafa abinci a wata makarantar 'yan mata. Sau huɗu ina kai muku takarda da Larabci, ana karɓa, ana buga hatimi, ana ce mini bukra. Ban san ranar da goben nan taku za ta waye ba. Saboda haka wannan karon na rubuta da Hausa, za a manna ta a ƙofar masallacinmu da bakin tashar taku, kowa ya karanta. Kada ka damu da fassara, ranka ya daɗe. Akwai mai jin Hausa a kwamitinka, Ustaz Fu'ad, ko da yake ya ce ya manta ta. Ka miƙa masa, za ta dawo masa.

Babban abin da nake nema shi ne: ɗakin da kuka yi wa mahaifiyata alkawari a saman tashar. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya, alkawarinku. Shekara huɗu ke nan kuka tara mu a farfajiyar masallaci. Kuka ce wani attajiri, Allah ya jiƙansa, ya bar waƙafi, magadansa sun ba gidauniyarku tallafi daga ciki don a gina tasha. Kuka kafa babban allo mai zane: bas a ƙasa, shaguna a gefe, benaye a sama. Kuka ce duk wanda aka rushe gidansa zai sami ɗaki a benen, mai takardar mallaka da marar ita, ɗan ƙasa da baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, domin talaka ne ya fi kowa buƙatar kwana kusa da bas. Kalmar adalci kuwa kun faɗe ta har yaran unguwa suka haddace. Wanda ya fi kowa murna a ranar shi ne Yayana. Direba ne, shekara talatin yana jan ƙaramar bas tsakanin Nuzla da Balad a ƙarƙashin kafili ɗaya, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Shi ya bi gida-gida yana lallashin maƙwabta su yarda da ku, yana cewa tsofaffinmu za su huta da tafiya cikin rana. Mutane sun yarda ne saboda shi, ba don allonku ba.

Na biyu, gidan. Inna, mahaifiyarmu, ta baro Damagaram tana amarya, da ƙafa, ita da Babanmu, suka ratsa Sudan suna aiki suna tafiya har suka hau jirgin ruwa. Bayan sun sauke farali suka zauna. Babanmu ya gina gidan nan da hannunsa, ɗaki biyu da tsakar gida da bishiyar lalle. Da ya rasu, umda, wato mai unguwa, ya rubuta takardar gidan da sunan Yayana, tun da shi ne babba. Kafin ku zo, Inna ba ta taɓa kwana a wani gida ba a ƙasar nan sai wannan.

Na uku, ranar da kuka aiko masu rubuta sunaye. Da hantsi suka zo, lokacin da duk mai ƙarfi a Nuzla ya fita nema. Wa ya ba ku wannan shawara, don Allah? Yayana yana kan hanya, iƙamarsa a aljihu, takardar umda a akwatinsa a kulle. Ni ina gaban tukunya a makaranta. Inna kaɗai suka tarar. Larabcinta na kasuwa ne, ya ishe ta sayen tumatir da gaishe da liman. Ma'aikacinku ya tambaye ta sunan mai gidan. Ta ce masa Maisunan Malam. Ya rubuta hakan da haruffan Larabci, ya sa ta dangwala yatsa, ya ce yalla, ya wuce gida na gaba. Bai nemi takarda ba, bai ce zai dawo ba.

A nan sai na yi maka bayanin abin da duk Bahaushe ya sani tun yana goye. Mace a wurinmu ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Alkunya ce. Ba ƙiyayya ba ce, son ne ya yi yawa har ba a nuna shi a gaban mutane. Yayana kuma nauyinsa biyu ne a bakin Inna, ɗan fari ne, sannan sunan surukinta aka sa masa, mahaifin Babanmu, wanda malami ne. Tun ranar suna ta ke ce masa Maisunan Malam. Na girma a gidan nan, na kai shekara hamsin, wallahi ban taɓa jin sunansa na yanka ya fito daga bakinta ba. Ko ranar da motarsa ta kife aka kawo shi jina-jina, ba ta kira shi ba. Inna ba ta yi muku ƙarya ba, ta faɗi sunan da take da ikon faɗa. Kuskurenmu shi ne da ta ba mu labari da yamma muka yi dariya. Yayana har da riƙe ciki, ya ce duk Nuzla wa bai san Maisunan Malam ba. Mun ɗauka ku ma mutane ne masu tambaya.

Na huɗu, rusau da abin da ya biyo baya. Kun rushe gidan, mun kwashe kaya ba mu yi gardama ba. Muka kama ɗaki a Mahjar, a kan rufin wani bene, matakala arba'in da biyu, babu inuwa sai ta tankin ruwa. Muka ce na ɗan lokaci ne. Inna tana da ciwon suga, ƙafafunta sun kumbura, asibiti duk sati biyu. Yayana ne ke goya ta ya sauko da ita, ya sa ta a gaban motarsa. Ana saura wata uku a raba makullai zuciyarsa ta buga yana wanke mota, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai ga tashar da ya yi muku talla ba. Goyon Inna ya dawo bayana.

Ranar rabon makullai na je da iƙamarsa, da takardar rasuwarsa, da takardar umda. Ma'aikacin taga ta uku ya duba, ya ce sunan da ke rajistarku daban, na takarduna daban. Ya ce in kawo Maisunan Malam da iƙamarsa. Na ce masa yana maƙabarta, kuma babu iƙamar da aka taɓa yi da wannan suna. Ya ɗaga kafaɗa. Na kawo umda da kansa, tsoho da sandarsa, aka bar shi a tsaye har ya gaji ya tafi. Na kawo liman, na kawo maƙwabta shida waɗanda yanzu suke zaune a benenku saboda Yayana ya lallashe su. Aka ce shaidarsu ba ta cikin tsari. Tsarin ya ce wanda ya dangwala yatsa shi zai zo gaban kwamiti ya faɗi cikakken sunan mai gidan da bakinsa.

Na biyar, Ustaz Fu'ad. Na tare shi a bakin ofishinku, na gaishe shi da Hausa. Ya amsa da Larabci. Kakarsa da Inna tare suka yi shekaru suna toya waina a bakin masallacin nan, ni na sha goya shi yana majina. Kakar tasa har ta mutu ba ta kira sunan ubansa ba, ya san wannan sarai. Kalma biyu daga bakinsa ta isa ta fahimtar da ku. Ya ce mini shi ba ya tsoma baki a al'adun mutane. Mutane! To, madalla. Allah ya ƙara girma.

Na shida, ranar da kuka sa ta faɗa. Wata biyu ina roƙon Inna, ta ƙi. Ta ce a bar ɗakin, ita ta saba da rufi, ba za ta tsufa ta zubar da kunyarta a gaban maza ba. Na yi mata faɗa, Allah ya yafe mini, na ce kunyarta ce za ta karya mini baya. Bayan kwana kaɗan kuwa ƙafata ta zame a matakala ina goye da ita, muka faɗi tare. Ita ba ta ji ciwo ba, ni gwiwata ta fashe. Tana share mini jinin da bakin mayafinta ta ce in je in karɓo ranar zuwa kwamitin.

Ku kuka sa ranar, ba mu ba. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe. Inna ta yi wanka, ta sa farin mayafin da ta tsaya Arfa da shi, wanda ta ajiye don a lulluɓe makararta. Muka shiga, maza biyar a bayan tebur, kai kana tsakiya, ma'aikacin taga ta uku yana gefe da alƙalami. Aka tambaye ta. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta faɗa, a hankali, kamar mai tsoron tada barci. Shekara kusan sittin, wannan ne karo na farko.

Ma'aikacinka yana amsa waya. Bai ji ba. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya ce ta ɗaga murya, kuma ta haɗa da sunan uba da na kaka. Sai ga Inna tana kiran sunan ɗanta, da na mijinta, da na surukinta, a jere, da ƙarfi, a gaban baƙi, hawaye na bin kumatunta. Duk sunayen da ta tsare tsawon rayuwarta kun kwashe su a zama ɗaya. Wani a cikinku ya yi murmushi, ya ce ashe abin ba wuya. Ustaz Fu'ad yana jan carbi yana kallon fanka.

Daga nan aka buɗe wani fayil, aka ce lokacin gyaran suna ya ƙare tun satin da ya wuce. Halas, in ji ku, wato an gama. Kun san ya ƙare lokacin da kuka ba mu ranar. Kun san ya ƙare lokacin da kuka sa ta maimaita. Me kuke so ku ji? Ina tambayarka tsakaninka da Allah, me kuka ƙaru da shi?

A sabuwar bas ɗinku muka koma, mai sanyi, mai kujeru masu laushi, ban hana ku yabonku ba. Da muka kusa Mahjar Inna ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce mini, ita duk zamanta tana zaton ranar da ta kira sunan nan zai amsa. Tun daga ranar ba ta sake tambayar ɗakin ba, abinci ma sai na matsa mata.

Na bakwai, ɗakin yana nan. Hawa na ɗaya, ƙofa ta biyu daga matakala, kusa da na'urar hawa, tagarsa tana kallon inda bas ɗin asibiti ke tsayawa. Mai gadi ya buɗe mini na leƙa. Kujerun bikin buɗe tasha ne a ciki, an jera su har rufi, da allon nan mai zane, da ƙyallen da aka rubuta adalci an naɗe shi a lungu. Kujeru suna kwana kusa da bas, matar da aka rushe gidanta tana kan rufi.

Saboda haka ina neman abu uku.

Ku fitar da kujerunku ku ba Inna makullinta tun tana da rai. Ba sadaka nake roƙo ba, gida kuka karɓa.

Ku aika wa magadan mai waƙafin kwafin wannan takarda. Ubansu ya bar dukiyar nan don ta yi masa haske a kabari, ya kamata su san abin da ake yi da ita. In ba ku aika ba, ni zan nemi ƙofarsu.

In za ku sake shiga wata unguwa irin tamu, ku je lokacin da mutane suke gida, ku tafi da wanda ya san mu kuma bai ji kunyar saninmu ba.

Ina roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya, ya raya maka zuriya. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya tsare mata mutuncinta, kada ya tsayar da ita a gaban tebur irin naka. Allah ya sa ranar da za a kira kowa da sunansa da sunan ubansa, a sami wanda zai saurare ka tun a kira na farko.

Ga sunan nan na rubuta muku da hannuna, ku kwafa a duk fayil ɗin da kuke so: Haruna Idrisu Haruna. Yana kan iƙamarsa, yana kan takardar umda, yana kan takardar rasuwarsa. In kun sake buƙatarsa ku duba nan. Kada wanda ya ƙara tambayar Inna.

Wassalam.

Safiya Idrisu, Ummu Bilal,
'yar Nuzla, mazauniyar rufin bene a Mahjar, Jidda.