Makullin da Ka Ce In Ɓoye

Coimbatore, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Ilango,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Thenmozhi da jikana Arivu. Ubangiji ya tsare ku, ya sauƙaƙa muku zafin Maskat. Mu nan lafiya lau. Gwiwar kakarka ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Kawunka Sivalingam yana zuwa cin wainar shinkafarmu ta idli kowace safiya kamar ba a hura wuta a gidansa. Rufin kicin da ka yi alkawarin gyarawa bara yana nan yana yoyo. Ba ƙorafi nake ba, tuni ne.

Ka ce mini ta waya in ɓoye makullin tsohon babur ɗinka don kada ƙanwarka Kayal ta shiga tseren ranar Lahadi. Na ɓoye shi cikin tulun tsamiya, domin ni ma ban so ba. Tun da mahaifinku ya rasu ba ni da ƙarfin wata asara, kuma ban ga abin da zai sa yarinya mai aikinta a kamfanin injin ban ruwa ta sa rigar fata tana zagaye fili a guje ba. Na gaya mata haka da kakkausar murya. Sai ta koma zaure wajen sifanoninta, tunda gyara ba ya buƙatar makulli.

Ta cire madubai da fitilu da jak. Kakarka ta leƙa ta ce ɓarayi ma sun fi ta tausayi, su ko madubi ɗaya sukan bari. Kayal ta huda kan notin da ke tare baƙin mai, ta zura siririyar waya, ta murɗe, ta ɗaure don kada ya kwance. Ta zubar da koren ruwan lagireto ta zuba ruwa zalla. Na ce wannan almubazzaranci ne. Ta ce idan ta faɗi, koren ruwan santsi gare shi, gilashi kuma yanka yake yi, na bayanta ne zai kwana a asibiti, shi ya sa masu duba babura ba sa barin kowa ya shiga da su.

Ranar Litinin muka yi bikin kayan aiki. Mun wanke keken ɗinkina da wuƙaƙen kicin, mun ɗiga musu turaren sandal, mun rataya furanni. Kawunka, don neman suna, ya shafe sababbin tayoyin babur ɗin da man kwakwa wai su yi ƙyalli. Kayal ta gode masa, ta ce ya share mata hanyar asibiti tas, saura ya kira motar. Ya ce a zamaninsu ba a yi wa manya baƙar magana, kakarka ta ce a zamaninsu keke ma kayar da shi yake yi. Yarinyar nan ta yini tana dirzar tayoyi da sabulu har fatar hannunta ta yi fari.

Ni kuma na ɗaura lemon tsami da barkono a gaban babur ɗin don maganin kambun baka, kamar yadda muka saba. Kayal ta kwance su. Raina ya ɓaci, na ce babu abin hawan da ya taɓa fita gidan nan haka. Ta ce lemon da ake takawa da taya a ƙofar gida don neman sa'a za ta taka da farin ciki, ta wanke tayar daga baya, amma ba za ta ɗauki abin da zai faɗo a gaban ɗan wata uwa ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ilango, wannan babur ɗin kai ka hau shi da abokai biyu a baya, ba hular kwano, madubi kuwa ka juya shi don taje gashi. Tabon haɓarka shaida ne. Ban taɓa ɓoye maka makulli ba, kai ma ba ka taɓa tunanin ɗan wata ba. Girma ba a haihuwar fari yake ba, yana ga wanda ya san akwai mutane a bayansa.

Tsoro bai bar ni ba, kada ka zaci haka. Na ɗauko ƙaramin ƙarfen nan mai siffar abin bautarmu Murugan da mahaifinku yake ratayawa a wuya, na ce wannan kam sai ya tafi da ita. Ta huda shi, ta nuna mini wuri a ƙarƙashin kujera, ni na murɗe wayar da hannuna. Ta ja, ta ce ya yi sako-sako, in sake. Na sake. Sannan na miƙa mata makullin yana warin tsamiya.

Ranar Lahadi zan bi ta da shinkafa da nono, ko da bayana zan juya wa filin. Ka kira ta kafin nan, ita, ba ni ba, ka yi mata fatan alheri da bakinka.

Kakarka da kawunka suna gaishe ku. Ka gaida Thenmozhi, ka shafa mini kan Arivu, kuma idan ka goya shi a babur ka sa masa hular kwano.

Mahaifiyarka,
Valliammai